Tsakanin Gamawa da Komawa

A ƙasar Kano hadari daga gabas yake tasowa. Manomin Minjibir ya san haka, magini ma ya sani, amma ba da ido ɗaya suke duban gabas ba. Manomi yana dubanta da fatan alheri, magini kuwa da lissafi, domin iskar da ke share wa ruwa hanya ita ce ke kwasarsa tana maka wa bangon da ya fuskanci gabas, tun daga ruwan shuka har markar watan Agusta. Kafin a girbe gero, adon da aka yi wa fuskar zaure da rani ya soma sauya kama. Kaifin layuka ya dushe, kan zanko ya zaizaye, farar ƙasa ta yi zirara a ƙarƙashin indararo. Ba mai cewa aikin ya lalace, ba kuma mai cewa yana nan yadda aka bar shi. Bayan 'yan shekaru sai maigida ya aika a kira wanda ya yi aikin. Mutum ya zo ya tsaya gaban abin da shi da bakinsa ya ce ya gama, aka biya shi ladansa, aka yi masa godiya, ga shi yau ana sake jingina masa tsani.

Me mai zane yake yi idan ya koma wa aikin da ya gama? Cika alkawari yake, ko ƙaryata kansa? Aikin kuma, bayan ya shekara da shekaru a bakin hanya, nasa ne har yanzu?

Kafin mu nemi amsa, sai mu tuna inda zane yake zaune a ƙasar Hausa. Mu ba mu gaji zanen da ake sa wa firam a rataye ba. Namu yana jikin bango, yana gaban babbar riga, yana kan allon zayyana da ƙoƙon ƙwarya da sirdin doki. Mai zanen bango kuwa magini ne, ko wanda ya tashi a gidan magina ya fi sauran 'yan'uwansa ido. Hanyoyin aikinsa uku ne. Ko dai ya mulmula ɗanyar ƙasa da yatsu ya fito da ado mai tudu, ko ya yanka siffa a jikin shafe tun bai bushe ba, ko kuma ya shafe bango da farar ƙasa ya zana launi a kai, da shuni da jar ƙasa a da, da fenti a yanzu. A birni irin Kano da Zariya da Damagaram ne wannan sana'a ta kai maƙura, amma karkara ma ba a bar ta hannu rabbana ba: zauren dagaci, fuskar masallaci, ƙofar gidan alhajin da ya dawo daga Makka, da ɗakin amarya wanda mata ke daɓewa su shafe kafin a kawo jere.

Minjibir da garuruwanta irin su Kunya da Wasai da Kantama suna cikin karkarar nan da ta kewaye birnin Kano, inda gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona, ba wani dajin kirki tsakanin wannan ƙauye da wancan. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazarin wannan yanki, saboda yadda ake noma gona guda kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin da jakuna ke kaiwa a mangala, ba ta kuma gaji ba. Mutanen da suka tashi da sanin cewa gona ba ta ƙarewa, sai dai damina ta ƙare, ba za su ga baƙon abu ba idan aka ce bango ma haka yake.

Kayan aikin kansu ma da wa'adi suka zo. Makuba, wadda ke sa bango ya yi duhu-duhun ja yana tunkuɗe ruwa, daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a jiƙa ko a dafa, a kwaɓa ƙasa da ruwanta ko a yayyafa. Tana riƙewa, amma ba har abada ba. Laso ya fi ta ƙarko, shi ne sumuntin kakanninmu, kuma haɗinsa kaɗai ya isa ya nuna yadda sana'o'i ke riƙe da hannun juna. Ana buƙatar katsi, wato gurɓin da ke kwantawa a gindin karofi, wanda marina ke kwashewa su busar su ƙona. Ana buƙatar gashin jima daga majema, da kuma dafara daga daji, wadda ake dakawa a jiƙa don yauƙinta. Minjibir gari ne da aka sani da masaƙa. Saƙa ke ciyar da marina, marina ke ba da katsi, katsi ke kare soro. Idan masaƙi ya ajiye ƙoshiya, bayan wasu shekaru magini zai ji a jikinsa, ko da bai san daga ina ciwon ya taso ba.

Saboda haka, idan irin wannan magini ya sauko daga tsani ya wanke hannu ya ce, "Alhaji, an gama," shi da Alhajin duk sun san iyakar maganar. Ba cewa yake yi aiki ya kai inda ba abin ƙarawa ba. Wa ya isa? Ai ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba, kamala kuwa ta Allah ce. Abin da yake nufi shi ne aikin ya kai inda za a iya miƙa shi ga damina ba tare da jin kunya ba. Yarjejeniya ce tsakanin mutum uku, mai aiki da mai gida da ruwan sama, na ukun kuwa bai taɓa sa hannu ba.

Idan an dawo, kalmar da aka zaɓa don kiran aikin ita ke nuna hukuncin da aka yanke wa na farko. Wanda ya ce a yi yaɓe, bai ga laifin kowa ba, ruwa ne ya ci ƙasa, za a mayar masa da abin da ya ci. Wanda ya ce a yi kwaskwarima, yana nufin ƙashin aikin lafiya lau yake, fuska ce kawai ta kwana biyu. Shi ya sa kalmar ke da ɗan ƙanshin raini a bakin 'yan siyasa, idan suna son cewa gyaran abokin hamayya bai wuce fata ba. Wanda ya ce a yi gyara, ya riga ya ɗora laifi, ko da a sakaye: ba a gyara abin da yake daidai. Wanda kuwa ya ce a sake, ya yanke ƙauna ke nan. Gogaggen magini yana sauraren waɗannan kalmomi da kunnen basira, domin daga cikinsu yake gane iya filin da aka ba shi.

Sau da yawa ma ba a rabuwa a kan kalma ɗaya. Za ka ji maigida ya ce, "Malam, ruwa ya ci bangon nan, a taimaka a mayar da shi yadda yake." Magini ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Za a mayar, Alhaji. Sai dai dagin nan na sama ya matse da yawa. Lokacin da na yi shi hannuna bai faɗa ba. Da za ka bari in buɗa shi kaɗan." Maigida ya girgiza kai: "A'a, bar shi. Haka yaran gidan nan suka tashi suka gan shi." Duk abin da masana za su rubuta a kan wannan batu yana cikin wannan 'yar muhawara. Ɗaya yana kare idonsa na yau, ɗaya yana kare abin da ya saba gani. Kowa kuma da gaskiyarsa.

Mu fara da gaskiyar magini. Wanda ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Saurayi ne ya hau tsanin farko, mai ƙarfin damtse da son a sani, wanda ke cika kowane gurbi da ado don kada a ce bai iya ba. Dattijo ne ya dawo, wanda ya koyi cewa fili ma ado ne. Yana ganin abin da mai wucewa ba ya gani: inda ya yi gaggawa don rana ta kusa faɗuwa, inda ya kwaikwayi maigidansa ba tare da ya fahimci dalili ba. Ga kowa bangon kyakkyawa ne, gare shi kuwa takardar shaida ce ta ƙuruciyarsa, an manna ta a bainar jama'a. Zamani ma ya taka. A ƙarni na 20 magina sun shigar da keke da agogo da mota da jirgin sama cikin adon bango, kusa da dagi da takobi, domin kowane zamani da abin da ke nuna arziki da wayewa. Gidan da aka zana wa keke lokacin da keke ke sa a juyo a duba, me zai hana mai shi ya so mota bayan shekara ashirin?

Wannan ƙaiƙayi ba na maginan Hausa kaɗai ba ne. A Faransa an yi wani mai zane, Pierre Bonnard, wanda ya yi suna wajen kasa rabuwa da aikinsa. Ana ba da labarin cewa yakan shiga gidan ajiye zane-zane da ɗan akwatin fenti a aljihu, ya faki idon mai gadi, ya ɗan taɓa zanensa da aka riga aka saya aka rataye. Gab da rasuwarsa a watan Janairun 1947, hannu ya riga ya yi rauni, sai da ya sa ɗan 'yar'uwarsa ya taimaka masa aka rufe wani ɗan koren wuri da rawaya a ƙasan zanensa na ƙarshe, na wata bishiya mai fure. Ɗan ƙasarsu Edgar Degas shi ma haka yake, sai dai nasa ya taɓa ƙarewa da nadama. Ya ga wani zanensa a gidan amininsa Henri Rouart, ya matsa sai an ba shi ya je ya ɗan taɓa shi. Aka ba shi. Taɓawa ta kai ga taɓawa, har zanen ya lalace gaba ɗaya, ba a sake mayar da shi gidan ba. Ɗan Rouart ne ya ba da labarin daga baya. Da Bahaushe ne a wurin, da ya ce an yi gyaran gangar Auzinawa, garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma wani sirri da masu fentin mai suka gano: abin da aka rufe ba ya yarda ya mutu. Fentin mai yana ƙara zama garai-garai idan ya tsufa, sai abin da ke ƙarƙashinsa ya riƙa leƙowa. A gidan zane-zane na Prado da ke Madrid akwai hoton Sarki Filibus na huɗu a kan doki, wanda Diego Velázquez ya zana a shekarun 1630. Mai lura zai hangi inuwar wasu ƙafafun doki a gefen na ainihi, inda mai zanen ya fara sa su kafin ya sake shawara. Bangon ƙasa ma yana da irin wannan tonon silili. Idan shafe ya ɓanɓare, sai ka ga gefen wani tsohon ado a ƙarƙashi, wani lokaci na hannun uban wanda ya yi na sama. Mai komawa aiki ya kamata ya san cewa ba shi ne zai yi magana ta ƙarshe ba, kuma abin da ya binne wata rana zai tashi ya ba da shaida, ko a kansa ko a gare shi.

To, gaskiyar maigida fa? Ita ma ba ƙarama ba ce. Ranar da aka sauke tsani, aiki ya fita daga hannun mai shi ya shiga idon jama'a. Da shi ake kwatance: ka wuce rijiya, ka ga gida mai zanen keke, to na kusa da shi. A gindinsa aka ɗaura aure, a dakalinsa aka karɓi gaisuwar mutuwa. Yaron da ya tafi ci-rani Legas, idan ya tuna gida, wannan dagin da ya matse shi yake gani, ba wani ingantacce ba. Abin da magini ke kira kuskure ya riga ya zama kamannin gida. Wanda ya goge shi don ya fi iyawa a yau, ya taɓa dukiyar da ba tasa kaɗai ba ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, haka ne, amma sai an tabbata kayan naka ne.

Makarantar allo ta daɗe da raba wannan gardama, ta hanyar ware allo iri biyu. Allon karatu don wankewa aka yi shi. Yaro ya rubuta, ya biya, ya kiyaye, a wanke a ɗora na gaba. Darajarsa tana cikin yawan wankinsa, abin da ya rage kuwa yana ƙirjin mai shi. Allon zayyana kuwa, wanda ake ƙawatawa da launuka don ranar sauka, ba a yi shi don a wanke ba. Ana zaga dangi da shi, a dawo a adana, domin shi shaidar rana guda ce wadda ba za ta sake zuwa ba. Ko mai zayyanar ya ƙware ninkin-ba-ninkin bayan shekara goma, ba wanda zai kai masa tsohon allo ya ce ya inganta. Ashe tambayar farko da mai zane zai yi wa kansa ba ita ce ko zai iya fin na da ba. Tambayar ita ce: wannan da ke gabana, wane irin allo ne?

Tarihinmu yana da labarin mutanen da suka so su mayar da kowane gini allon zayyana da ƙarfin tsiya. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda har yau masana gine-gine ke zuwa kallo daga nesa. Ana ba da labari cewa daga baya ya je Birnin Gwari ya gina wani masallaci, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Ko labarin ya faru haka ko baki ne ya ƙawata shi, ma'anarsa a fili take: hanya ɗaya tak ta hana gwani komawa ko wuce aikinsa ita ce a raba shi da numfashi. Shi kuwa masallacin na Zariya, a shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na zamani, aka bar wani sashe na tsohon aikin a ciki. An tsare shi daga ruwan sama, an kuma raba shi da hannun da ke shafa shi.

Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga wani ƙauye mai suna Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A 1962 dattawan garin suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a. Ya gina shi da ƙasa, mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere, ba wani ado mai yawa. Jama'ar gari ne suka yi aikin tare, wasu na yin tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Aka gama, aka shiga ana salla. A 1975 rufin ya buƙaci gyara, aka sake kiransa. Bai tsaya a mayar da rufi yadda yake ba: ya ɗora shi a kan bakuna, ya tada tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 kuma ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi huɗu, kowacce da irin siffarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Abin lura shi ne, da an hana Falke Barmu komawa, da duniya ba ta san Yama ba. Da kuma ya rushe na 1962 don ya nuna sabuwar gwaninta, da mutanen Yama sun rasa masallacin da suka gina da guminsu. Ko ɗaya bai faru ba. Alƙibla tana inda take, sahu yana inda yake, tsohon da ya saba da gurbinsa bai ɓata ba. Dattijo ya hau kafaɗar saurayin da ya taɓa zama, bai take shi ba.

Malaman waƙa suna da suna ga irin wannan ladabi: tahamisi. Mawaƙi yakan ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani magabaci, ya ɗora masa ɗango uku nasa a sama, ya zama biyar, bisa karin asali da amsa-amon da baitin ya shimfiɗa. Sharaɗinsa shi ne ba ka goge kalma ko ɗaya ta mai waƙar. Haka aka yi wa "Tabban Haƙiƙa": Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku, waƙa ɗaya, ba wanda ya ture wani. Mai tahamisi yana ƙara ɗaki ne a gida, kuma dole ƙofar sabon ɗakin ta buɗe zuwa tsohon tsakar gida. Abin da Falke Barmu ya yi wa masallacinsa ke nan, kuma abin da magini na gari ke yi wa fuskar zaure ke nan idan ya shawo kan maigida: ya bar dagin da yara suka sani, ya buɗa filin da ke kewaye da shi, har matsewar ta zama kamar da gangan aka yi ta.

Akwai wani amfanin komawa da ba a cika faɗa ba, alhali a ganina shi ne babba. Komawa ita ce makarantar sana'ar. Ba wanda ke miƙa wa yaro sabon bango ya ce zana. Ana fara ba shi kwaɓa ƙasa da cilla tubali, sannan ranar yaɓe a ce masa, "Bi layin nan, kada ka fita." Yana bin sawun yatsun maigidansa a tsohon ado, yana cike inda ruwa ya ci, har siffar ta shiga hannunsa kafin ta shiga kansa. Bangon da ke neman gyara duk bayan 'yan shekaru yana tara tsoho da yaro a kan tsani ɗaya. A Jenne ta ƙasar Mali, inda gari kan fito kwansa da kwarkwata kowace shekara a yaɓe babban masallacin da aka sake ginawa a 1907, da kuma Agadas mai doguwar hasumiyar ƙasa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, abin da ya tsare ginin bai wuce wannan ba. Raunin ƙasa ne ya tilasta a riƙa haihuwar magina.

Yau duk wanda ya bi hanyar Minjibir zai ga bulo da kwano suna cin ƙasa da azara. Bai kamata mai alƙalami da ke kwana a ɗakin siminti ya yi wa manomi wa'azi a kan haka ba. Wanda ya taɓa kwana a tsaye cikin marka yana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, ko ya ji ƙarar faɗuwar katangar maƙwabci da tsakar dare, ya san dalilin da ya sa kuɗin ci-rani na farko ke tafiya wajen mai buga bulo. Giginyar da ake tsaga azara ta yi wuya, marina sun ragu, matasan da za su taru a yi gayyar yaɓe suna birni suna neman na kansu. Siminti ma bai shigo da gaba ba. Magina sun daɗe suna yanka ado a jikinsa tun yana ɗanye, sun kuma fitar da abin kallo. Sai dai ya zo da wani alkawari da ƙasa ba ta taɓa yi ba, wato an gama ke nan, ba sai an dawo ba. Alkawarin kuwa bai cika gaskiya ba. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yakan riƙe danshi a ciki, ya kumbura, wata rana ya zubo falle guda. Bulo ma yana tsagewa, fenti yana koɗewa. Bambancin kawai shi ne, yanzu idan abin ya faru ba a san wanda za a kira ba, shi ma wanda ya yi aikin bai taɓa sa ran za a kira shi ba.

A nan ne maganar ta wuce bango. Mun shiga zamanin da kalmar "kammalawa" ta fi kowace kalma farin jini. A kammala aiki, a kafa rumfa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a watse. Ajin makaranta, rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani, duk ana ƙaddamar da su kamar allon zayyana, alhali allon karatu ne, masu neman hannu kullum. Muna da kasafin ginawa, ba mu da na komawa, kuma wanda ya dawo ya toshe tsaga ba ya samun allon suna a jikin bango. Tsohon magini bai karanta dokar kwangila ba, amma ya san cewa wanda ya ce "na gama" ya ɗauki nauyin amsa kira, ko bayan shekara nawa ne, kuma zai zo ya tsaya gaban aikinsa a gaban mutanen da suka san shi suka san ubansa. Wannan ne ya ba kalmar nauyi a bakinsa. Wanda ba za a iya kiransa ya dawo ba, bai gama komai ba. Tafiya kawai ya yi.